Itacen Hura Wuta na Iya Ersiliya

An ce wai wata rana da hantsi, ana yayyafi da sanyi mai shiga ƙashi, wani alƙali mai suna Tebaldo ya hau jakinsa zuwa wani ƙauye a kan duwatsun ƙasar Italiya, domin ya raba wata gardama. Shi mutum ne mai yawan tambaya. Tun a hanya, da ya ga an jingine damman tsiraran rassa a ƙofar kowane gida, sai da ya tsaya ya ji dalili. Aka ce masa lokacin askin inabi ne, kuma al'adarsu, wanda ya yi wa gona hidimar shekara shi ke datse rassan, ya kwashe ya hura wuta.

Masu gardamar kuwa su biyu ne. Akwai attajiri Gaudenzo, wanda ya sayi wata gona, yana so ya tuge tsofaffin itatuwan farin inabi da ke cikinta ya dasa ja mai yawan 'ya'ya. Akwai kuma wata tsohuwa, Ersiliya, wadda ita da marigayi mijinta suka tsufa suna yi wa gonar aiki. Wannan farin inabi, in ji mutanen garin, babu irinsa ko'ina sai nan. 'Ya'yansa ƙanana ne, suna ɓuya a bayan ganye, amma abin shan da suke matsewa daga gare shi ƙamshin zuma yake yi, kuma da shi suke bukukuwan aurensu.

Gaudenzo ya ce, "Ranka ya daɗe, gona tawa ce. Tsohuwar nan ta kori ma'aikatana da tsintsiya, shi ya sa na hana ta shiga. Ko ganye ba za ta ɗauka ba!"

Ersiliya ta ce, "Tsintsiyar ce kusa da hannuna. Da taɓarya ce, da ba su dawo ba."

Alƙali ya danne dariya, ya ce, "Iya, me ya hana ki ajiye ƙwayar ki shuka a bayan ɗakinki?"

Ta ce, "Ɗana, ka iya shari'a, ba ka iya inabi ba. Ƙwaya wani abu dabam take haifarwa. Reshe ake yanka a kafa a ƙasa."

Wato dai kamar yadda muke yi wa rogo.

Alƙali ya auna maganar a ransa. Doka tana tare da attajiri, wannan ba shakka. In kuwa ya bi ta haka tsirara, gobe irin nan ya ƙare a duniya. Can sai ya tuna da damman nan na ƙofar gidaje.

Ya ce, "Gaudenzo, wa ya yi wa gonar hidima a bana?"

"Ita ce."

"An yi wa itatuwan aski?"

"Wa zai yi wa abin da za a tuge aski?"

Alƙali ya gyara zama ya ce, "To, ku saurara. Ƙasa taka ce, saiwa taka ce, ka tuge ranar da ka ga dama. Amma gonar da ka saya, da al'adarta ka saye ta. Tsohuwar nan ta yi aikin shekara, ba a ba ta itacen wutarta ba. Ta shiga yau ta yi aski, ta kwashe rassanta. Abin da za ta yi da su kuwa, babu ruwan shari'a."

Gaudenzo ya dubi dattawan gari, ya ga duk sun gyaɗa kai, ya haƙura. Kafin la'asar tsohuwa ta fito da dami a ka. Ba ta kai shi murhu ba. Gida gida ta bi tana miƙa reshe, tana cewa, "A kafa, kada a ƙona."

Mai hukunci na gari, in doka ta rufe masa ƙofa, yakan dubi abin da mutane suka saba yi, domin sau da yawa mafita tana jingine a ƙofar gidansu.

Da bazara alƙali ya sake bi ta ƙauyen, don yana so ya ga ko busasshen sanda zai yi ganye da gaske. Ya tarar rassan da aka kafa sun yi. A bayan ɗakin Ersiliya ya ga iska ta kwantar da guda ɗaya. Ya sauka daga jaki, ya miƙar da shi, ya danne ƙasar da ƙafa. Tsohuwa tana ciki tana faɗa da akuyarta, ba ta ma san ya zo ba. Ya kaɗe hannunsa, ya hau, ya wuce.