Mai Raɗa a Ƙarƙashin Dandamali

Akwai wani ɗan wasan kwaikwayo a ɗan garinmu na bakin kogi a nan Jamus, sunansa Ottmar Rehbein. Ku da kuka daɗe a shafin nan kun san ba na yabon mutum da arha, amma wallahi Allah ya ba bawan nan murya. In ya tsaya a dandamali yana karanto waƙa da ka, mai tari ma haɗiye abinsa yake yi.

Matsalar ita ce ya san da haka. Kai, ya sani har ya yi yawa.

A bakin dandamalin, ta ƙasa, akwai wani ɗan akwati da 'yan kallo ba sa ganin cikinsa. Nan wata mata, Frau Wiesinger, take zama da littafi da 'yar fitila. Aikinta raɗa: in ɗan wasa ya manta maganarsa, ta jefa masa a hankali, asirinsa ya rufu.

Lokacin tana sabuwa, wata rana Ottmar ya yi shiru a tsakiyar baiti, irin shirun gangan da ake yi don magana ta ratsa jiki. Ita ta ɗauka mantuwa ce, ta raɗa masa. 'Yan layin gaba suka ji, wani ya tuntsire da dariya.

Ana sauke labule ya taso mata a gaban kowa.

"Frau Wiesinger, ɗan firamare kika mayar da ni? Daga yau in ina sama, ki kulle bakinki. Ni ba na mantuwa!"

"To, Herr Rehbein," ta ce, kunnuwanta sun yi jawur.

Ta kuwa kulle, har shekara talatin da ɗaya. Amma duk ranar da ya hau, yatsanta na bin layi, idonta na kansa.

A gidan wasa, kafin a ɗaga labule, ana yi wa mutum tofi sau uku ta kafaɗar hagu don fatan sa'a, kuma ba a amsawa da godiya, wai sa'ar guduwa take. Ottmar ya samu abin da yake so. Sai ya shimfiɗa dokar a kan kowa, daga mai ɗinka masa kaya har mai share dandamali. Ba wanda ya taɓa jin "na gode" a bakinsa.

Kwanci tashi, ya kai saba'in da huɗu. Frau Wiesinger ta yi ritaya, an toshe akwatin da katako. Gidan wasa ya shirya masa taron bankwana, ranar Lahadi da ƙarfe sha ɗaya na safe, zai karanto doguwar waƙar da aka san shi da ita.

Abin da ya ɓoye wa kowa shi ne, kalmomi sun fara zille masa. Likita ya riga ya gaya masa gaskiya. Ga shi duk gari zai hallara, shi kuma ba abin da yake tsoro kamar ya tsaya baki buɗe a gaban mutanen da ya shekara hamsin yana burgewa.

Ranar Asabar suka yi kiciɓis da Frau Wiesinger a kasuwa, wajen mai dankali, ni ina tsaye dab da su ina ji. Tana dogara sanda.

"Na ji gobe ne," ta ce.

"Gobe ne."

"Ina layin farko, daidai tsakiya. Ƙafar nan ba ta son hawa."

Ya ɗaure fuska. "Ba na bukatar..."

"Na sani, kai ba ka mantuwa. Kallo zan zo." Ta gyara jakarta, ta rage murya. "In shirun gangan kake yi, hannunka a sake yake. In ka ɓata hanya, sai ka kama maɓallin rigarka na biyu. Sau huɗu na ga ka kama shi a shekara talatin da ɗaya, kuma kai ka fitar da kanka. Makon jiya na gan ka wajen mai burodi, kana riƙe da shi, ka rasa sunan abin da ka zo saye."

Ta yi ɗage, ta yi masa tofin nan sau uku ta kafaɗa, ta wuce abinta.

Ranar Lahadi ina cikin zauren, a gefen layi na biyar, inda nake hango fuskarta. Ya fito da baƙar kwat, ya fara, muryar nan tana nan daram. Can ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Na leƙa, hannunsa a sake yake, ita kuma tsohuwar ko motsi ba ta yi ba. Ya ci gaba da kansa.

Sai da ya kai baitin da jirgin ruwa ke barin gaɓa ya sake tsayawa. A hankali hannunsa ya tashi, ya kama maɓallin. Idonsa ya zama irin na wanda ya fito daga kanti ya rasa inda ya ajiye kekensa.

Babu littafi a hannunta. Ta ɗan sunkuyo kamar mai gyara sandarta, leɓɓanta suka motsa: "Uwa na tsaye..."

"Uwa na tsaye, ta ƙi ɗaga hannu!" Ya cafe, ya zarce kamar ba a yi komai ba.

Sau uku aka yi haka. Ban da ni da nake zuba ido, ba na jin wani ya lura.

Ya gama, zaure ya miƙe, tafi kamar rufin zai faɗo. Ya tsira da mutuncinsa, da ya so sai ya rusuna ya shige. Sai ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

"Jama'a, sau uku na manta yau," ya ce. "Matar da na hana magana tun muna da baƙin gashi, ita ta kai ni gida."

Ya sauko daga dandamalin da kyar, ya tsaya a gabanta, ya kama hannunta da hannu biyu.

"Na gode, Frau Wiesinger. Ki yafe mini."

"Haba, Herr Rehbein!" ta ce, hawaye na bin kuncinta tana dariya. "Godiya a gidan wasa? Za ka kori sa'arka."

"Bar sa'ar ta tafi abinta," ya ce. "Ai ba ita ta zauna mini a layin farko ba."

Ni dai ban san lokacin da na jiƙe hankicina ba.

Darasi: Kada baiwa ta sa ka raina wanda ke aiki a inda ba a ganinsa, domin shi ya fi kowa sanin ranar da za ka bukace shi. In akwai wanda ya daɗe yana rufa maka asiri shiru, ka gode masa yau, tun bakinka na tuna sunansa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai jiran wannan godiyar.