Farin Zane a Jikin Rumbu

Akwai wata mace a wani ƙauye, sunanta Rahila. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da 'yar gonar da ba ta isa ciyar da kaji ba. Amma ba raguwa ba ce. Ƙuli-ƙuli take yi, tana kai man gyaɗa kasuwa, har ta tara awaki biyar.

Wata shekara da kaka, wan mijinta, Nomau, ya aika a kira ta. Ya ja ta bayan gida, ya rage murya ya ce, "Zan sayar da dawar rumbun nan, dami arba'in. Gara ke da bare."

Rahila ta lissafa, ta ga dami arba'in zai kai 'ya'yanta har sabon hatsi. Ta sayar da awakin duka biyar, ta durƙusa ta zuba masa kuɗin a hannu, ta ce, "Yaya, gobe zan kawo jakuna a kwashe."

Ya ce, "Haba, Rahila. Jakuna a ƙofar gidana da rana tsaka? Gari ya ce Nomau ya sayar da abincin bakinsa, kuma wa matar ƙaninsa? Bar ta a nan. Rumbu ba ya cin dawa. Ki riƙa zuwa kina ɗiba."

To, a ƙauyen nan akwai doka tun ta kakanni: ciniki bai ƙare ba sai kaya sun tsallake ƙofar mai sayarwa. Rahila ta san wannan kamar yadda ta san sunanta. Amma wan miji ne, ko idonsa ba ta iya kallo. Kunya ta kama ta, ta ce to.

Mako na fari ta zo ɗaukar dami, sai ta ga an ja zane uku da farar ƙasa a jikin turmin gidan, kamar sawun yatsu. Ta tambayi matar Nomau. Matar ta kawar da kai ta ce, "Aikin yara ne."

Mako na biyu, zanen yana jikin ƙofa, yana goshin jaki. Karen gidan, wanda ko ƙuda ba ya bari ya wuce, ya shige ƙarƙashin rumbu ya yi shiru. Nomau kuwa ya rame, yana zaune yana kallon hanya, bai amsa gaisuwarta ba sai da ta maimaita.

Mako na uku, ta hau tsani, sai ga zanen a bakin rumbun, can sama inda hannun mutum ba ya kaiwa daga ƙasa. Rana tana ƙuna, amma zanen danye ne. Ta goge shi da bakin zanenta. Da ta sauko ta ɗaga kai, yana nan yadda yake.

Ta nufi Nomau. Ta ce, "Yaya, yau zan kwashe dawata."

Ya ce, "Ki rufa mini asiri, ki bari a ci kasuwar jibi."

Ta sake cewa to.

Kashegari da tsakar rana wani mutum ya zo. Dogo ne, ba wanda ya san garinsu. Ya yi tafiya mai nisa, amma ba ƙura a ƙafarsa, sai yatsunsa uku da suke fari fat. Amalanke uku suna biye da shi, ba ka jin ko kukan ƙafarsu. Ya gai da kowa da sunansa, har jaririn da ba a yi wata da haifa ba. Ashe shekara uku ke nan Nomau yana cin bashinsa, yana ɓoyewa.

Aka tafi gaban mai unguwa. Rahila ta faɗi ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, dawar nan tawa ce. Na biya. Awakina biyar na sayar."

Mai bashin ya ce a hankali, "Na sani. Jar akuyar nan ma ciki gare ta, kin yi asara." Ba wanda ya san wannan sai ita. Ya ce, "Ba da ke nake ba, baiwar Allah. Abin da na tarar a gidansa nasa ne. Abin da yake nasa kuwa nawa ne."

Mai unguwa ya tambayi Nomau, Nomau ya ce gaskiya ta biya. Sai mai unguwa ya ce, "Rahila, kina da gaskiya, amma gaskiyar taki kin bar ta a rumbun wani. Dami nawa kika fitar?"

Ta ce, "Uku."

Ya ce, "Ukun nan naki ne."

Tana tsaye aka kwashe talatin da bakwai tare da turmi da jaki da ƙofar gidan. Mai bashin ya yi mata sallama da ladabi, ya ce ta gai da yara, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Da ta koma gida, sai da ta duba goshin kowane ɗayansu kafin ta hura wuta.

Yanzu ku kasa kunne ga ma'anar misalin nan, don ba za a maimaita ba. Dawar nan ku ne. Gidan Nomau tsohuwar rayuwa ce, ta ƙarya da sata da tsafi da gaba, gidan da bashi ya riga ya cinye tun daga tushe. Mai fararen yatsu kun san shi, shi ma ya san ku. Ba ya ihu, ba ya gaggawa, kuma bai taɓa musun cewa an biya ba. Abu ɗaya yake dubawa: a gidan wa ya tarar da kai?

Kada wani mai wayo ya ce Rahila ita ce Ubangiji. Ubangiji Yesu bai ji kunyar kowa ba. Da jininsa ya biya, a fili, a gaban jama'a, ya kuma tsaya a ƙofa yana kira ku fito. Ku ne masu kunyar. Kunyar dangi, kunyar abokai, kada a ce wane ya canza. Ran Lahadi ku fitar da dami ɗaya ku kawo coci, saura talatin da tara suna can, kuna cewa sai an ci kasuwar jibi.

Dawar Rahila tana da hujja, ba ta da ƙafa. Ku Allah ya ba ku ƙafa biyu. Ku tashi ku tsallake ƙofar nan tun zanen bai bushe ba.