Cindo da Kan Burtu

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwa na nan.

An yi wani masassaƙi wai shi Cindo. Hannu dai akwai, baki kuma ya fi hannun. Rannan ya sassaƙa kan burtu, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe har su cim ma nama. Ya kai fada, ya ce, "Ranka ya daɗe, burtun daji ma kwaikwayon nawa yake yi."

Sarki ya ce, "To, ɗaura ka shiga daji. In namun daji sun ɗauke ka nasu, kai ne Sarkin Sassaƙa."

Gogan naku ya ɗaura, ya lulluɓa, ya duƙa. Ƙato da gemu yana rarrafe don rawani! Ya wuce barewa, ba ta gudu ba. Ya wuce gwanki, bai ko ɗago ba. Ya ce a ransa, "Dabba dai dabba ce."

Sai ga wata tsohuwar burtu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Maigida, sai yanzu? Zo ka ci abinci."

Daɗi kamar ya kashe Cindo. Har matar burtu ta ruɗu! Ta ajiye masa ƙadangare. Ya duba, ga zaki kwance a inuwa yana kallo. In ya ƙi ci, asiri ya tonu. Ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ya haɗiye.

Ta kawo kunama. Ya yi bisimilla, ya haɗiye.

Ta kawo kwaɗo, ƙato, yana wutsil-wutsil. Ya yi bisimilla, ya runtse ido, ya haɗiye. Kwaɗo na sauka ciki, sai igiyar da ya ɗaura kan da ita ta nutse cikin fata, kan itace ya manne a goshi ram.

Ko a jikinsa. Ya miƙe sai fada, yana ta washe baki. Yara suka bi shi: "Ga burtu! Ga burtu!" Karnuka suka ɗauka. Sarki ya ce, "Cire mu ga fuskarka, a naɗa ka." Cindo ya ja, ya ja, ya ja, ina! Sarki ya ce, "Kai, tun kakana ba a taɓa naɗa wa tsuntsu rawani ba. Ku kore shi kafin ya yi mana kashi a fada."

Ya koma daji yana kuka, ya ce, "Uwargida, ko ke ki karɓe ni."

Tsohuwa ta yi dariya har da faɗuwa. Ta ce, "Uwargidan wa? Tun loma ta farko muka gane ka, ni da zaki da kowa. Wane burtu ka taɓa ji yana bisimilla kafin ya ci ƙadangare? Mun dai so mu ga iyakar abin da ɗan Adam zai haɗiye don a ce masa gwani. Fice mana!"

Shi ke nan, ba tsuntsu ba tarko. Cindo ya tsuguna a gindin ganuwa, gari na ce masa tsuntsu, daji na ce masa mutum, kwaɗo kuma na kuka a cikinsa.

Wanda ya raina abin da yake kwaikwayo, shi za a mayar abin dariya.

Ƙurunƙus kan kwaɗo! Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je gindin ganuwa ya kasa kunne.