Malam Shu'ibu da Littafin Kwaɗi

Akwai wani malamin elementare da aka tura wani ƙauye a ƙasar Guri, can zamanin Turawa, ana ce masa Malam Shu'ibu. Mutum ne mai tsafta har ta yi masa yawa. Ko da damina, lokacin da kowa a fadamar nan ƙafarsa ke cikin taɓo, shi za ka gan shi da farar riga ƙal, yana tafe yana ɗage gefenta da yatsu biyu.

Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugun mutum ba ne. Yana son yaran da yake koyarwa. Abin da ke ci masa rai shi ne littattafan da ake aiko musu, duk dabbobin wasu ƙasashe ne a ciki. Yaro ya tashi yana jin kukan kwaɗi tun yana goye, amma bai taɓa ganin kwaɗo a takarda ba. Sai Malam ya ƙudura a ransa zai rubuta wa yaran fadama littafinsu, na kwaɗi da kifaye da tsuntsayen da ke bayan gidajensu.

To amma fa shi kansa bai san fadama ba. Haifaffen cikin garin Haɗeja ne, ko iyo bai iya ba.

Don haka ya nemi wani tsohon masunci mai suna Bakari. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki buzunsa ya tafi bakin ruwa, ya shimfiɗa can gefe inda babu ɓawon kifi. Tsohon yana gyaran koma yana magana, Malam yana rubutu. Wane kwaɗo ne ke fara kuka kafin ruwan farko, wane ne ke binne kansa a ƙasa duk rani, yadda gaiwa ke kwana cikin busasshen taɓo har wata biyar ba ta mutu ba, inda dinya ke ɓoye ƙwanta, abin da zalɓe ke jira in ya tsaya cik. Bakari ya san kwaɗi iri-iri, kowanne da muryarsa, kuma yakan kwaikwaye su har Malam ya kasa riƙe dariya.

Shekara shida suna wannan zama. Malam ya cika takardu fiye da ɗari, har da zane bisa kwatancen tsohon, kuma ya iya zane. A cikin ranin da ya gama, Allah ya yi wa Bakari rasuwa.

Tawadar makaranta ta gwamnati ce, ta aikin aji ce kawai, kuma Malam ba mai taɓa abin da ba nasa ba ne. Saboda haka duk littafin nan da tawadar allo ya rubuta shi, irin ta gawayi da ƙaro. Tawada ce mai kyau, baƙa wuluk. Sai dai kowa ya sani, an yi ta ne don a wanke.

Ana nan, a tsakiyar damina, sai takarda ta zo daga Haɗeja. Baturen makaranta ya sauka a gari, ya ce duk malamin da ya rubuta littafin yara da Hausa ya kawo masa, zai tafi da su Zariya a duba, wanda ya dace a buga shi. Ranar Alhamis zai shiga jirgin ƙasa a tashar Malam Madori. Takardar kuwa ba ta iso ƙauyen ba sai Litinin.

Matarsa 'Yar'azumi ta dubi sama, ta dube shi.

"Malam, ruwa ya ci hanya fa. Jiya ma masu kai kifi kasuwa dawowa suka yi."

"In Baturen nan ya tafi, waye ya san ranar da zai sake tambaya?" in ji shi. "Shekara shida, 'Yar'azumi. Ko rarrafe ne sai na je."

Ta ga ba zai ji ba, sai ta naɗe masa takardun cikin sabon ƙyalle, ta ɗaure da zare, ta yi masa addu'a.

Da sassafe ranar Talata ya kama hanya. Kafin hantsi ya iso inda kogi ya ɓalle ya yanke hanyar, ruwa ja wur yana gudu. Jirgin fito guda ɗaya da ake da shi yana can wani ƙauye ana kwashe mutanen da ruwa ya shiga gidajensu. Wanda ya tarar a bakin ruwan shi ne Zarami, babban ɗan marigayi Bakari, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana ɗaure gorunansa.

Ga wanda bai san gora ba: ƙatuwar ƙwarya ce rufaffiya mai ƙaramin baki a sama. Masunci yakan kwanta rub da ciki a kanta, cikinsa ya toshe bakin, ya yi ta yawo a kan ruwa, in ya kama kifi ya jefa a ciki.

"Allah gafarta Malam, ina zuwa da wannan ruwa?"

Malam ya gaya masa. Fuskar Zarami ta washe.

"Littafin nan da kuka yi da Baba? Ai kuwa yau ko ban kama kifi ba sai na ƙetarar da kai. Ka hau wannan gorar, ka rungume ta da hannu biyu, ni zan ja ka da igiya. Kawo takardun in sa a tawa, cikina zai rufe bakin. Ko ɗigo ba zai shiga ba."

Malam ya leƙa cikin gorar. Ƙarnin kifi ya buge shi har ya ja da baya.

"A cikin wannan? Littafin da zai je hannun Bature, ya je har Zariya, shi zan kai yana ƙarnin tarwaɗa?"

"Malam, ƙarni ai yana fita. A shanya shi yini ɗaya shi ke nan."

"Kai dai ka san kifi, Zarami. Takarda kuwa ka bar wa masu ita."

Kun ji fa. Mutumin da bai iya iyo ba yana koya wa ɗan masunci yadda ake ƙetare ruwa da kaya.

Zarami ya sake roƙonsa, har sau biyu. Malam ya ɗora ƙunshin a kansa, ya naɗe shi da rawani tam, ya ce ai kai ya fi komai nisa da ruwa. Zarami ya ce, "To, Allah ya kiyaye. Amma don Allah, ko me ya faru, kada ka saki gorar."

Suka shiga. Da farko lafiya lau, Malam har yana jin kansa. Da suka kai tsakiya, ruwan ya fi ƙarfin yadda Zarami ya zata, ya karkatar da su wajen wata bagaruwa da ta nutse sai rassanta a waje. Zarami ya yi ta bugun ruwa don ya kauce mata, ya kusa kaucewa kuwa. Reshe guda ne ya miƙo, ƙayarsa ta kama rawanin Malam.

Malam ya ji rawani yana warwarewa. Bai san lokacin da ya saki gorar ya kai hannu biyu kansa ba.

Gora ta juya. Malam ya nutse.

Ya taso yana haɗiyar ruwa, ya hangi ƙunshinsa yana tafiya a kan ruwa, fari tas, yana juyawa a hankali. Zarami ya cafko shi ta wuyan riga.

"Sake ni! Littafin, Zarami! Kamo littafin!"

Zarami bai ko kalli wajen ba. Ya ja shi, Malam na kokawa yana kuka, har suka fita ɗaya gaɓar. Sai da ya ga Malam ya zauna ya amayar da ruwan da ya sha, sannan ya koma ruwa. Ya bi gefen kogi da gorarsa, ya daɗe, har Malam ya cire rai. Can ya dawo da ƙunshin, ya same shi a maƙale cikin ciyawar burgu.

Tun kafin a kwance zaren, baƙin ruwa yake zuba daga ƙyallen.

Malam ya buɗe. Takardun sun manne da juna. Ya ɓamɓaro ta farko, babu komai sai toka-toka. Ta biyu haka. Ta goma haka. A wata ya ga inuwar ƙafar kwaɗo, yana kai yatsa ya taɓa, ita ma ta bi ruwa. Ya kama farar rigar nan tasa yana dannawa a kan takardun ko wani abu zai tsira, rigar ta yi baƙi, takardun suka ƙara gogewa.

Wallahi ko ni da nake ba ku labarin nan, wannan wurin yana taɓa ni. Babu wanda zai kai ƙara, babu wanda zai ce ya cuce shi. Ya zauna cikin taɓo, babu rawani, babu takalmi, yana ta faɗin, "Innalillahi, innalillahi."

Da ya ɗan natsu, sai ya ce a ransa ai shi ya rubuta, zai sake rubutawa. Ya rufe ido ya nemi babin farko. Kwaɗon da ke fara kuka kafin ruwan farko, me Bakari ya ce sunansa? Mai ratsin baya ne ko mai jan ciki? Ya nema, ya nema, babu. Sai a lokacin ya gane cewa duk shekarun nan hannunsa ne ke aiki. Magana na shiga kunne, tana sauka a takarda, ba ta tsaya a kansa ba. Bai taɓa shiga ruwa ya ga ko ɗaya da idonsa ba.

"Zarami," ya ce da ƙaramar murya, "kai ka san abin da tsohonka ya gaya mini?"

Zarami ya girgiza kai.

"Kaɗan, Malam. Mu kifi muka sa a gaba, shi ake sayarwa. Kwaɗin nan Baba kaɗai ya damu da su, har dariya ake yi masa a gari. Kai kaɗai ne ka taɓa zama ka saurare shi."

Akwai tabarmin shanyar kifi a bukkar masunta da ke wajen. Zarami ya jawo su, ya shiga ɓamɓare takardun ɗaya bayan ɗaya da manyan yatsunsa, a hankali kada su yage. Yana shimfiɗawa, yana danne kowacce da ɗan dutse. Malam yana kallonsa, ya san babu amfani, amma ya kasa cewa ya bari.

Can Zarami ya ɗago.

"Malam, don Allah in roƙe ka wani abu. Wace takarda ce ke da sunan Baba?"

Malam ya dube shi.

"Ko ta goge ba komai, ka nuna mini ita kawai in kai wa tsohuwarmu ta adana. Da Baba yana jinya kullum maganarsa ke nan. Ya ce bai bar mana gona ba, bai bar mana saniya ba, amma sunansa na cikin littafin Malam, jikokinsa za su karanta a makaranta."

Malam Shu'ibu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A takardar farko ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, har da ado a gefe. Ya rubuta sunan makarantarsa. Ya rubuta godiya ga Baturen da bai ma taɓa gani ba. Sunan Bakari bai zo masa a rai ba ko sau ɗaya.

Ga takardu sama da ɗari a shimfiɗe, duk iri ɗaya. Da ya nuna kowacce, Zarami zai karɓa da hannu biyu ya yi godiya, kuma babu mai sani har abada. Ya ɗaga hannu. Hannun ya tsaya a sama, ya sauko.

"Ban rubuta ba, Zarami," ya ce, hawaye na zuba. "Babu sunansa a ko'ina."

Zarami ya kau da kai. Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya sunkuya ya ci gaba da juya takardun don ɗaya gefen ya bushe, har ya kai ta ƙarshe. Ya tattara su, ya daidaita gefensu, ya sa cikin gorarsa.

"Tashi in mayar da kai gida, Malam," ya ce. "Tsohuwa kuma ka bar ni da ita, zan ce mata ruwa ya tafi da wannan takardar."

Ranar Alhamis Bature ya shiga jirginsa ya tafi da littattafan wasu. Na Malam Shu'ibu ba a taɓa buga shi ba, kuma abin da Bakari ya sani game da kwaɗin fadamar nan ya tafi tare da shi.

Darasi: Kada tsafta ko ilimin takarda su sa ka raina shawarar wanda ya san aikinsa, musamman a wurin da shi ne ɗan gida kai ne baƙo. Kuma duk wanda ya koya maka abu, ka ambaci sunansa tun yana raye, tun kana da damar yi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai tuna da wani Bakari nasa ya neme shi yau.