Kan Harsashin da Ya Maƙale a Bututu

Ya 'yan uwa, ni ban yi dogon karatu ba. Abin da na sani kawai zan gaya muku.

An yi wani mutum a nan kwarinmu na Wyoming a Amurka. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da rai. Da hannunsa yake haɗa harsashinsa, kamar yawancinmu: ya auna albarushi, ya zuba a kwanso, ya cusa kan harsashin. Mu mukan cusa kan ya shiga sosai, ya zauna daram. Shi kuwa sai ya bar shi da tsawo, yadda in ya rufe sakatar bindiga, kan zai ciji tsagar da ke cikin bututun bindiga. Haka ya fi ba shi saiti. Ranar gasar harbi ba mai kama ƙafarsa, ana ta tafa masa, yabon nan kuwa ya hau masa kai.

Yayansa Orval ya sha gaya masa cewa irin wannan na harbin takarda a filin gasa ne, ba na hawa dutse ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai da sai barewa ta tsaya ta gaishe ka kafin ka same ta?"

Da kaka ta yi, suka hau duwatsu farauta su biyu. Orval ya harbe babbar barewa can ƙasan kwazazzabo. Kafin su hau dawakai, mutumin nan ya ja sakata zai cire harsashi, kamar yadda kowa yake yi. Kwanso ya fito shi kaɗai. Kan ya maƙale a bututu, albarushi ya zube cikin bindiga.

Akwai siririn ƙarfe a jakar sirdin Orval, bugu ɗaya zai fitar da shi. Amma dole sai ya roƙa. Dole kuma sai ya ji Orval ya ce, ai na gaya maka. Ya mayar da sakata a hankali, ya ɓoye wa Orval abin da ya faru.

Kun san beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata, tana bin warin jini, shi ya sa ɗaya yake fiɗa, ɗaya yana gadi. Orval ya bar bindigarsa a jikin sirdi, ya ɗaure dawakai nesa, ya naɗe hannun riga.

"Gwani, taka a shirye take ko?"

"A shirye take, Yaya."

Orval yana duƙe, hannuwansa cikin nama, beyar ta keto daji. Mutumin nan ya tura sabon harsashi, sakata ta ƙi rufuwa, don tsohon kan ya tare bututu. Ya sake turawa, ta ƙi. Yana tsaye yana kokawa da ƙarfe, yayansa yana kiran sunansa, har ya daina kira.

Ya gaya wa Darlene, matar Orval, gaskiya da bakinsa. Ba ta zage shi ba. Har yau duk shigowar sanyi yakan faskara mata itace ya jera a bakin ƙofa. Da safe takan sa maƙwabci ya loda shi a mota ya mayar masa.

Ya 'yan uwa, me ya kashe Orval? Kuskuren haɗa harsashi kowa yana iya yi, kuma akwai gyaransa a jakar sirdi. Girman kai ne ya hana shi buɗe baki ya ce, Yaya, ka fi ni gaskiya. Wanene a cikinmu bai taɓa rufe sakata a kan ɓarnarsa ya ce lafiya lau ba, alhali wani ya jingina rayuwarsa da maganarsa?

Allah ya ba mu ikon faɗin kuskurenmu tun da sauran gyara. Allah ya kiyaye mu da kanmu. Amin.