Kurege da Sa Hannun Giwa

Ga wata nan ta taho, ku gyara zama ku tarbe ta.

A shekarar da damina ta yi rowa, babu mai gyaɗa a daji sai Giwa. Rumbunta cike yake har baki, Ɓauna ce ke gadinsa, ba ta kuwa buɗe wa kowa sai ya zo da takarda mai sawun Giwa a jiki. Sawun nan shi ne sa hannunta.

Shi kuwa Kurege ko fartanya bai ɗaga ba a daminar. Raminsa wayam, ga rani tafe, ga yunwa. Yana zaune ya kifa turminsa na dakan daddawa, ya ƙura wa gindin ido, sai ya yi murmushi.

"Ni ne Kurege, ƙaramin jiki, babban kai. Giwa ta yi noma, ni in yi girbi."

Ya tsoma gindin turmi cikin taɓo, ya danna a takarda, ya ɗiga farata da tsinke. Sannan ya naɗa rawani har kunnuwa suka ɓace, ya cusa wutsiya cikin wando, ya nufi rumbu.

"Salamu alaikum, Gwaggo Ɓauna. Ni ne sabon ɗan aiken Giwa Uwar Daji."

Ɓauna ta dubi sawun, ta shinshina. "Yaro, yau ƙafar Giwa warin daddawa take yi."

"Ai kasuwa ta je, Gwaggo, ta taka faifan wata baiwar Allah. Har yanzu ana can ana ba da haƙuri."

Ɓauna ta auna masa. Haka ya yi ta jigila, raminsa ya fara nauyi.

Da gari ya waye, Giwa ta leƙa rumbu, ta ga gyaɗa ta yi ƙasa. Ta ce a daina takarda, daga yau a waya za a riƙa nuna izini. Kurege ya ji, ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya tafi bakin rafi inda Giwa ke shan ruwa, ya ɗauki hoton sawunta na gaske, ya liƙa a ƙasan rubutu, ya miƙa wa Ɓauna.

Ta shinshina wayar. "To, wannan kam ba wari."

A hanyar gida yana tafe yana rangaji da buhu a ka. "Da can sai na ɗaga turmi. Yanzu ko zufa ba na yi. Allah ya ƙara wa Giwa dabara."

Da gari ya waye, Giwa ta ga abin ya ƙi ƙarewa, ta je gindin tsamiya wurin Bushiya mai gyaran wayoyi. Kurege na bisa reshe, ya laɓe da gyaɗa cike da aljihu.

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, hoto kowa na iya kwafarsa. Amma akwai 'yar manhaja da ake ɗorawa a kan wayar da kike karanta takardu da ita. Kowa tana ba shi mabuɗin sirri nasa shi kaɗai. In kin sa hannu, sai ta ƙulle rubutun da mabuɗin, koriyar alama ta fito. Aka taɓa ko harafi ɗaya, ta koma ja. Alƙalin daji ma ya yanke cewa abin da aka ƙulle haka, mai shi ba ya iya musunsa."

Ta ci gaba da bayani, amma daidai nan Kurege ya sa ɓawo a baki, ƙaras ƙaras, sauran bai shiga kunnensa ba. Abu ɗaya ya riƙe: koriyar alama ke buɗe rumbu.

Da gari ya waye, ga shi da rawani a gaban Bushiya. "Malama, ɗora mini 'yar manhajar nan. Mu 'yan aiken manya ba ma zama baya."

"Ɗora tafinka a gilashin," in ji ta.

Ya ɗora. Ya manta bara, da ake ɗaukar tafin kowa don katin shaidar ɗan daji, shi ne a gaban layi, saboda ya ji ana raba ƙuli-ƙuli.

Ya koma gefe ya ce, "Buhu-buhu aikin yara ne." Ya rubuta: "Ni mai wannan sa hannu na yarda a buɗe rumbuna, a kwashe duk abin da ke ciki, a kai bakin rafi." Ya liƙa hoton sawun Giwa, ya danna. Alama ta fito kore shar kamar ganyen zogale. Kurege ya yi tsalle, wutsiya ta kusa fitowa.

Ɓauna ta karɓi wayar. Wannan karon ba ta shinshina ba. Ta sa bakin kofato ta taɓa koriyar alamar, yadda Bushiya ta nuna mata, rubutu ya bayyana: "Mai sa hannu: Kurege, na ramin bayan suri." Ta karanta a ranta, ta yi tuƙa, ta aika a kira Giwa.

"Takarda ta yi kyau, yaro. Biyo ni."

Suka wuce rumbu.

"Gwaggo, kin wuce ƙofa."

"Ban wuce ba."

Suka zagaya bayan suri, sai ga Giwa tsaye a kan raminsa, tana kaɗa kunne.

Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, nan ai gidan wani talaka ne."

Giwa ta ce, "Shi ya sa hannu. Ga sunansa. Ya ce a kwashe rumbunsa, mu kuwa ba ma ƙin taimakon maƙwabci."

"Ƙarya ake yi masa. Na san shi, mutumin kirki, ko waya ba shi da ita."

"To wa ya ɗora tafinsa?"

Kurege ya fara ja da baya. Giwa ta miƙa hanci ta ja bakin rawani, ya warware, ga kunnuwa. Ta soka haure a ƙasa ta ɗaga rufin ramin kamar murfin kwano. Gyaɗa ta malalo. Daga ƙarshe turmi ya gangaro, gindinsa duk busasshen taɓo.

Ɓauna ta sunkuya ta shinshina. "Daddawa," in ji ta.

Ba ta ƙara ba, ta juya ta ba shi kofato. Kurege ya tashi sama, ya sauka cikin ƙaya, ya miƙe yana ɗingishi, wando a gwiwa. Sai da ya yi nisan da kofato ba ya kaiwa, ya hau kututture ya waiwayo, ƙwayar gyaɗa guda a kumatu.

"Ku shaida wa daji," in ji shi, "takardar da ta fara buɗe rumbu da koriyar alama tawa ce. Ko Giwa ba ta riga ni ba!"

Ɓauna ta ɗaga ƙafa, ya ranta a na kare.

Iyakarta ke nan, na kife mata turmi.