Delu, Garar da Aka Hana Zaɓen Sana'a

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta.

A surin Gara, kamar a ɓargon da ke haɗa jininku, ba a haihuwar yaro da sana'a. Sai ya leƙa ƙofa ya shinshina iska. In ya ji ƙanshin damina ya zama magini, in na kara ne ya zama ɗan dako, kuma ba komawa.

Ran nan Kwarkwasa, uwar rigima, ta kawo hari. Yara suka ruga ƙofa, suka shaƙi iskar yaƙi, duk suka zama mayaƙa. Delu, autarsu, ta zabura, uwarta ta cafke mata ƙafa.

"Inna, sake ni! Ni ce raguwa?"

"Zauna, 'yar lelena. Ba ki zama komai ba tukuna, shi ya sa nake tattalinki."

Aka ci yaƙi, amma bango ya rushe. Ga hadari ya taso, mayaƙa kuwa ba mai iya kwaɓa ƙasa. Inna ta tsufa, ta ce, "Delu, hau shimfiɗata, ki zama uwar suri."

Delu ta haifi magina, ta haifi 'yan dako. Autarta ta zabura za ta bi su, sai Delu ta cafke mata ƙafa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu!